Kujera a Hagun Donna Porzia

A garinmu Torrelama, in kana son sanin ko 'yan badujalar da aka ɗauko don bikin waliyyi sun iya kiɗa, ba sai ka wahalar da kunnenka ba. Kujerar Mastro Sabino mai aski za ka sa wa ido. Duk ranar biki yakan saɓo ta a kafaɗa, ya dasa ta a gaban rumfar makaɗa, ya zauna, ya ɗora hula a gwiwa, ya rufe ido ruf. In kiɗa ya yi daɗi, haka zai zauna ko motsi babu har a tashi. In kuwa mai begila ya yi tuntuɓe a inda bai kamata ba, Sabino ba ya ihu, ba ya ko tsaki. Miƙewa yake a hankali, ya ɗaga kujerar, ya juya ta, ya zauna ya ba makaɗa baya, ya sake rufe ido. Kafin bayin Allah su kai cokali bakinsu da rana, labari ya riga su isa garinsu.

'Yan badujalar Monteriso sun ga ƙeyarsa ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Cewa yake ba makaɗa ba ne, gwangwanaye ne aka ɗaura wa jaki a wutsiya. Shugabansu Maestro Oronzo kuwa, wani ƙaton mutum mai tsalle da gumi in yana kaɗa sanda, Sabino ya ce kamar mai korar ƙuda a mahauta. Kuma tun da Sabino yake, bai taɓa kai wa wani shugaban makaɗa furanni ba. A wurinmu wannan ba ƙaramin abu ba ne, don da zarar an hango dami na furanni ya shigo dandali, makaɗa sukan yar da abin da suke busawa su ɗauko taken furanni, jama'a su dare, a raka mai furen da tafi har matakalar rumfa. Kowa ya taɓa kaiwa, har gurgun mai gyaran takalma. Sabino ya ce shi furensa na mutum ɗaya ne a duniya, Leonzio mai begilar Roccavela, kuma ko shi sai ranar da ya tabbata ya cancanta.

To, wannan mutum mai tsauri, wanda ya haura sittin bai taɓa aure ba, yana zaune da yayarsa Comasia tana wanke masa riguna tana zaginsa, shi ne soyayya ta kama da tsufa. Kamun kuma ba na wasa ba. Daura da shagonsa Donna Porzia take soya panzerotti, ƙullun fulawa mai cuku da tumatir a ciki. Shekara da shekaru tana nan yana nan, gaisuwa kawai. Sai a farkon bazarar nan ta tuɓe baƙaƙen kayan takaba ta fito da riga ruwan ƙwai, Sabino ya ɗaga kai daga ƙeyar wani tsoho ya gan ta, ya aske wa tsohon rabin gashin baki. Daga ranar ya koma wani iri. Yana wasa aska yana fito. Ya sayi turaren da ƙamshinsa ke riga shi shiga coci. Kullum sai ya tsallaka titi ya sayi panzerotti, shi da maiƙo ke hana barci.

Ranar Laraba kafin biki, abokinsa Donato mai kantin magani ya faɗo shagon yana haki.

"Sabino, ajiye askar nan kada ka yanka mutum. Leonzio zai busa na ƙarshe! Ranar Lahadi da safe, can bakin teku. Daga nan ya rataye begila, haƙora sun ƙare. Na riga na sha mai a mota."

Sabino bai ajiye askar ba. Rawa ya taka da ita a hannu, ya zagaye kujerar aski, wanda ake yi wa gyaran gemu ya ƙanƙame wuyansa yana kiran sunan uwarsa. Ranar Lahadin ce bikin waliyyinmu, amma wannan bai dami Sabino ba, don kwamitin biki gwangwanayen Monteriso suka sake ɗaukowa. Sai wani tunani ya faɗo masa, mai daɗi har ya ji jiri: shi da Porzia a mota, iska na kaɗa mata gashi, sannan Leonzio. Ya bar mutum da kumfa a fuska ya tsallaka titi.

"Donna Porzia, barka da aiki. Ranar Lahadi akwai wuri a motar Donato. Gaba ma, jikin taga. Za ki ji abin da ba ki taɓa ji ba."

"Ranar bikin waliyyinmu? In bar gari in tafi ina?"

"Leonzio zai yi busarsa ta ƙarshe."

"Allah ya ba shi hutawa lafiya. Ni 'yan Monteriso nake jira."

Sabino ya yi dariya, ya ɗauka zolaya ce. Da ya ga ba ta yi ba, ya daina.

"Gwangwanayen?"

Porzia ta tsamo panzerotti, ta nuna shi da matsami, mai yana ɗiga.

"Ka ga, Mastro Sabino, na taɓa zuwa jin naku na manya. Kowa ya yi tsit kamar gidan makoki. Tari ya kama ni, wata mata ta harare ni kamar na sace mata kaza. Ni na yi zaman makoki na ƙoshi. Waɗannan kuwa in suka buga, har cikin haƙarƙarina nake ji. Mai gangarsu ma dariya yake. Ka taɓa ganin mai ganga yana dariya?"

"Ni ba na kallon makaɗa. Saurara nake."

"Ai shi ya sa."

Ta juya ta jefa wani ƙullun cikin mai, ta ci gaba da magana kamar da kaskon take.

"Bara da bara waccan na zagaye wurin da ke haguna da igiya, don wurin marigayi ne. Bana ba zan zagaye ba. Wanda ya riga tashi shi ke da wuri. Cataldo mahauci ma ya tambaye ni yaushe nake fito da kujera."

Mu a nan kowa daga gida yake kawo kujerarsa ranar biki, kuma kowane gida sukan ɗaure ƙafafun kujerunsu da igiya ɗaya don kada a raba su. Kujerar da aka ɗaura a taka ta gidanku ce, ba a tambaya. Saboda haka Sabino ya fahimci abin da aka gaya masa sarai. Ya koma shago ƙafafunsa ba sa taɓa ƙasa, ya ƙarasa gemun nan yana murmushi, sai da ya zo goge askar ya tuna da Leonzio, murmushin ya ɗauke.

A gida Comasia ba ta raga masa ba. Ta dire masa kwanon wake da ganye, ta zauna ta zuba masa ido.

"Ashe za mu ga abin kallo. Kai da ka ce ko gawarka aka kai gaban 'yan Monteriso sai ta juya?"

"Yaya, don Allah ki bar ni in ci abinci."

"Ci mana, wa ya riƙe ka? Ni dai tambaya nake: tsohon da ba haƙora, ko matar da ke da kasko?"

"Ba ki san Leonzio ba. In ya ɗauki muryar nan ya hau da ita, sai ki ji kamar an buɗe taga a ƙirjinki. Daga Lahadi babu shi, babu irinsa."

"Daga Lahadi kuma akwai Cataldo. Shi ba ya jin bambancin begila da kukan akuya, komai aka busa tafi yake. Ga shi da nama."

Sabino ya ture kwanon. Gaskiyar magana, yana son busar Leonzio tun yana saurayi, so na haƙiƙa, wanda bai taɓa jin kunyarsa ba. A irin kiɗanmu babu mawaƙi: begila ce mace, babban ƙaho shi ne namiji, su yi ta soyayya da kuka da mutuwa a cikin rumfa har rana ta take. Duk macen da Sabino ya sani a rayuwarsa, daga bakin begilar Leonzio ya san ta. Yanzu ga ta gaske ta fito da riga ruwan ƙwai, kuma gwangwani take so. Kwana uku yana auna abin. Da safe ya ce teku, da rana ƙamshin suya ya tsallako titi ya ce dandali, da yamma ya sake cewa teku.

Ranar Lahadi da sassafe Donato ya tsaya a ƙofar gida yana danna oda. Sabino ya fito cikin kwat ɗinsa na biki, gashi ya sha mai, kujera a kafaɗa.

"Me za ka yi da kujera? Can akwai benci."

"Ba ni zuwa."

"Ba ka me?"

"Donato, ka je. In ka zauna ka ba shi kunnenka na dama, ka ce nawa ne."

"Ka haukace! Sabino, Leonzio ne fa!"

"Na sani. Tafi kafin in shiga motar nan."

Donato ya ja mota yana buga sitiyari. Sabino bai tsaya kallon ƙurarsa ba, don ya hango Cataldo mahauci ya ɓullo daga lungu da tasa kujerar, wata ƙatuwa mai hannuwa. Suka dubi juna. Suka fara tafiya da sauri, suka koma sassarfa, daga nan tsofaffi biyu cikin kwat suka zura da gudu a kan titin coci, kujeru na rawa a kafaɗunsu, mata suna leƙowa ta taga da kofin kofi a hannu. Nauyin kujera da nauyin tumbi suka ci Cataldo. Sabino ya dire tasa a hagun ta Porzia, ya faɗa kanta yana numfashi kamar zugazugi.

Porzia na zaune da igiyarta a cinya. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Ka iso."

"Na... iso."

"To cire audugar."

Sabino ya sunkuyar da kai, ya zaro audugar da ya cusa a kunnuwa tun a gida, ya sa a aljihu. Ya saci kallon igiyar. Ba ta motsa ba.

"Sai na ga irin zamanka tukuna," in ji ta. "Ni ba na son mai haƙuri da ni kamar magani, ba na kuma son maƙaryaci. In ka tafa musu alhali ba ka ji daɗi ba, zan gane. In kuma ka juya musu baya, ni ka juya wa."

Sabino ya ga an sa shi a tsaka mai wuya. Ba tafi, ba juyawa, ba auduga. Aka shiga coci aka fito, aka zaga gari da mutum-mutumin waliyyi, dandali ya cika maƙil, 'yan Monteriso suka hau rumfa suna gwada ƙahoninsu, kowa da inda ya nufa. Tun daga gwajin nan haƙoransa suka fara tsami. Ya ce a ransa lallai yana bukatar wani abin da zai yi masa magana in fuskarsa ta ci amanarsa. Sai dabara ta zo masa, ya ji ta kamar wahayi: furanni! Ya ce wa Porzia yana zuwa, ya ratsa ta bayan coci ya nufi shagon mai furanni.

"Ba ni mafi kyau," in ji shi.

Mai furanni ta yi sororo, sannan ta washe baki har kunne. Ranar biki iri ɗaya kawai take haɗawa: dogon dami mai kai wa mutum ƙirji, jajaye da farare, an naɗe da takarda mai ƙyalli, ga ƙaton zare mai launi yana lilo. Ta ɗora masa a hannu tana cewa, "Yau na ga abin da ban taɓa zato ba." Sabino ya ɗauka labarinsa da Porzia ne ya bazu, ya ji daɗi har ya sunkuyar da kai kamar ango. Mutumin da ya fi kowa sanin ƙa'idar dandali a garin nan, soyayya ta share masa ita tas.

Ya shigo ta bakin dandali furanni sun rufe masa fuska, makaɗa suna tsakiyar busa. Wata tsohuwa ce ta fara hangowa.

"Furanni! Ga furanni nan!"

Mai ganga ya ji, ya narka wa gangarsa duka. Maestro Oronzo ya waiga, ya katse kiɗan a tsakiya, ya ɗaga sanda, taken furanni ya ɓarke. Jama'a suka dare gida biyu, hanya ta buɗe ɗoɗar har matakalar rumfa. Sai wani ya leƙa bayan damin ya ga mai ɗauke da shi.

"Jama'a, Sabino ne! Mastro Sabino ya tuba!"

Dandali ya kaure. Sai a lokacin Sabino ya gane abin da ya yi. Ya yi ƙoƙarin karkata hagu inda kujerarsa take, hannuwa suka maido shi.

"Nan ne hanya, Mastro!"

"Ku tsaya, ba na..."

"Kada ka ji kunya, kowa yana kuskure!"

"Ku saurara mana, na wata ne!"

Wa zai ji shi? Ganga na tashi, kuge na amo, yara na tsalle. Wani ya sumbace shi a kumatu. Fada, limamin cocinmu, da kansa ya dafa masa kafaɗa ya ce Allah yana son masu sauke girman kai. Comasia tana can gefe ta riƙe ciki, dariya ta hana ta tsayuwa. Haka aka yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu kamar tiren biki, har ya ji ƙafarsa a kan matakala, har ya tsinci kansa a tsakiyar rumfa, gwangwanayen sun kewaye shi.

Maestro Oronzo ya buɗe hannuwa, hawaye da gumi sun haɗu a gemunsa.

"Na sani! Na gaya wa matata wata rana mutumin nan zai ji mu. Kawo, ɗan'uwana, kawo!"

Ya kama damin. Sabino bai saki ba. Oronzo ya ja, Sabino ya ja. Ga shi ƙa'ida ce ba a tsayar da taken sai fure ya shiga hannun shugaba, don haka makaɗa suka kai ƙarshe suka sake ɗaukowa daga farko, suka sake, kowane zagaye ya fi na baya sauri, mai babban ƙaho ya yi jawur kamar tumatir. Ana cikin wannan jan ne damin ya karkace, fuskar Sabino ta fito, ya ga dandali.

Bai taɓa ganinsa ba. Tun yana matashi yake zuwa jin kiɗa, ido rufe, bai san abin da mutane suke yi a bayansa ba. Ashe tsofaffi rangaji suke, ashe ma'aurata suna bugun juna da gwiwar hannu, ashe da gaske mai gangar nan dariya yake, bakinsa a buɗe, haƙori ɗaya a sama. Can a layin gaba kuma ga Porzia, ta miƙe tsaye kusa da kujerarsa da ba kowa, tana tafi sama da kanta, ƙafarta na dukan ƙasa, gashinta ya kwance ba ta ma sani ba, tana dariya tana share ido da bayan hannu. Kiɗan bai gyaru ba ko kaɗan, kunnensa yana gaya masa. Amma bai taɓa ganin farin ciki irin wannan a fuskar mutum ba, ya ji sonta ya ƙaru a ransa.

"Maestro, tsayar da su!" ya daka tsawa.

Sanda ta sauka. Kiɗa ya mutu, sai wata sarewa da ta makara ta yi ɗan kuka ita kaɗai. Sabino ya gyara kwat ɗinsa, ya ɗaga murya har ta kai bakin coci.

"Maestro Oronzo, mai begilarka yana riga kowa shiga. Masu sarewarka biyu ba su jitu ba tun bara waccan. Kai kuma sauri kake kamar an biyo ka da sanda. Ban sake ra'ayi ba, kuma ban tuba ba. Furen nan ba naka ba ne. Na Donna Porzia ne, hanya aka tare mini."

Dandali ya yi tsit. Hawayen Oronzo suka ƙaru, hannuwansa suna nan a buɗe ba komai a ciki. Sabino ya ga fuskar Porzia ta daina dariya, ya ce a ransa shi ke nan, ya rasa Leonzio, ya rasa ta, duk a safiya ɗaya. Sai muryarta ta tsaga shirun, muryar da ta saba kiran masu saye daga wancan titi.

"Ba shi, kai sakarai! Ina zan kai wannan bishiyar? Ka sa ƙaton mutum kuka a gaban gari, ba shi abinsa ka sauko!"

Dariya ta fashe kamar an ɓalle famfo. Sabino ya miƙa damin da hannu biyu. Oronzo ya rungume shi da furen gaba ɗaya, har takarda ta yi ƙara, ya raɗa masa a kunne:

"Masu sarewar nan surukai ne, ba sa ga maciji. Kai kaɗai ka taɓa lura. Wallahi ba mai saurarenmu kamarka."

Ya zaro jan fure ɗaya ya soka masa a aljihun kwat, ya tura shi matakala.

Sabino ya zo ya zauna a kujerarsa, ya zaro furen ya miƙa. Porzia ta karɓa ba ta dube shi ba. Igiyar tana nan a cinyarta.

"Ka zage su a gabana."

"Kin ce ba kya son maƙaryaci."

"Na kuma faɗi wani abu bayan wannan."

Oronzo ya ɗaga sanda, aka shiga babban kiɗan ranar, wanda begila take zama macen da za ta mutu tana ban kwana. Sabino ya ɗora hula a gwiwa, idanunsa suka rufe da kansu. Ya san a daidai wannan lokaci, can bakin teku, Leonzio yana ɗaga begilarsa a karo na ƙarshe, Donato yana zaune a benci, shi kuwa ba zai taɓa ji ba har abada. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ba zai ɓoye wa kansa ba. Mai begilar Monteriso ya fara hawa. Ya hau, ya hau, ya ƙara hawa, jijiyar wuyansa ta tashi, saura taki ɗaya ya kai inda macen za ta saki ranta, sai muryar ta tsage kamar zakaran da mura ta kama.

Ba wanda ya kalli mai begila. Dandali gaba ɗaya Sabino ya juyo yana kallo.

Jikinsa bai yi shawara da shi ba. Ya miƙe a hankali kamar kullum. Ya sa hula, ya kama kujerar ta bayanta, ya ɗaga. Comasia ta rufe fuska da gyale. Cataldo mahauci, daga layi na uku, ya fara jawo tasa kujerar gaba. Porzia ta tsura wa rumfa ido, ta matse furen a hannu har karansa ya lanƙwashe. Sabino ya fara juya kujerar. Da ta kai rabi sai ya dire ta a nan, gefenta ga makaɗa, gabanta ga Porzia, ya zauna gwiwoyinsa suna taɓa ƙafar kujerarta, ya mayar da hula gwiwa, ido a buɗe.

"Me kake yi haka? Makaɗa suna can."

"Ina jin su. Na gano inda suke daɗi ne. A fuskarki ba sa kuskure."

Porzia, matar da ta yi shekaru a bakin kasko wuta ba ta sa ta ja ba, ta yi jawur har wuya.

"Rufe idon nan kamar yadda ka saba, mutane na kallo."

"Na rufe su ya isa haka."

Dariya ta ƙwace mata. Ta sunkuya da igiyarta, ta zagaye ƙafar kujerarsa, ta haɗa da tata, ta ƙulle, ta ƙara ƙulli a kai, ta ja da ƙarfi ta ga ya kamu.

"Don kada ka ƙarasa juyawar," in ji ta.

Mai ganga yana hango su daga sama. Murna ta ɗebe shi, ya narka wa ganga duka a inda babu duka ko kaɗan, a tsakiyar mutuwar baiwar Allah. Sabino ya ji shi har cikin haƙori, ya runtse ido ɗaya. Ɗayan bai bar fuskar Porzia ba, ita kuwa ta riga ta fara buga ƙafa.